Taurarin Ƙasar Jega da Zuwan Fitilar da Ba Ta Mutuwa

Direban da ya saba bin hanyar Sakkwato zuwa Yawuri da dare yakan gane garuruwa tun bai iso su ba. Da ya wuce Tambuwal, wani ɗan haske zai fara tasowa daga ƙasa yana lasar gindin sama: Aliero ke nan. Gaba kaɗan sai wani da ya fi shi faɗi da fari, wato Jega, da gidajen manta da tashoshinta da jerin masu shayi. Daga nan duhu ya sake rufewa, sai an doshi Maiyama. Wannan haske da ke rataye a kan gari baƙo ne. Akwai tsofaffi da ransu a Jiga Maƙera da Jiga Birni da Sabiyal waɗanda suka yi ƙuruciya, suka yi aure, har suka aurar, ba su taɓa ganin irinsa ba.

Su abin da suka tashi suka tarar a bisa kansu kayan aiki ne. Da shi ake sanin lokacin tashi, da lokacin shuka, da inda gabas take. Allah kuma ya ajiye ƙasar nan a wuri mai kyau na kallo. Jega tana wajen digiri 12 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka mutum yana tsaye wuri guda zai ga tauraron arewa can ƙasa-ƙasa bisa kan itatuwa, ya juya kudu ya ga Suhailu yana ƙyalli a daren hunturu, da bazara kuma ya ga taurari huɗun nan masu siffar gicciye da matuƙa jiragen ruwa na kudancin duniya ke bi. Mutumin Landan ko Faris ba ya ganin waɗannan biyun na kudu ko da an kashe masa kowace fitila. A daren da babu wata babu hazo, lafiyayyen ido yana iya ɗaukar taurari dubu biyu zuwa uku a lokaci guda.

Garin Jega kansa ɗan jihadi ne. A kusa da nan Gimbana take, mazaunin Malam Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, wadda rundunar Gobir ta afka wa a ƙarshen 1803, abin da ya gaggauta hijirar Shehu zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804. Bayan rasuwar Abdussalami a 1818, ɗansa Buhari ya kafa Jega a bakin gulbin Zamfara, ƙarƙashin Gwandu. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare, kasuwarta ta shiga sahun manyan kasuwannin daular Sakkwato, kuma ta zama zangon fatake masu zuwa Gwanja sayen goro, waɗanda ke ƙetare Kwara su ratsa Bargu har Salaga. Tafiya ce ta watanni da jakuna da 'yan alaro. Ayari ba ya jiran rana ta fito kafin ya ɗaura kaya, domin duk tafiyar da za a ci, da sanyin safiya ake cin ta. Madugu ba shi da agogo a hannu. Yakan leƙo daga bukka ya dubi inda taurari suka kai, ya san ko dare ya raba, ko da saura, ko lokacin tayar da mutane ya yi.

Manomi ma haka. Kowane yaron ƙauye ya san Kaza da 'ya'yanta, ɗan gungun taurarin nan da ke cure wuri guda. Idan zafin bazara ya tsananta, sai Kaza ta riƙa gangarowa yamma da almuru har ta ɓace cikin hasken rana wajen watan Mayu. Bayan 'yan makonni ta sake ɓullowa ta gabas gab da asuba, cikin watan Yuni, daidai lokacin da ruwa ke zama a wannan yanki. Mai gero da ya ga haka ya san ba ruwan yaudara ba ne, ya fito da iri. Sai Zara, wadda ake ce wa matar wata saboda yadda take raɓar jinjirin wata da magariba, da Gamzaki mai fitowa da asuba. Masana falaki sun tabbatar abu ɗaya ne, Zuhura, wadda takan yi watanni tana bin rana a baya, sa'an nan ta yi watanni tana gabanta.

Wannan ilimin talaka ne. Na malamai ya fi shi zurfi, kuma a nan ne ake ganin irin duhun da magabata suka rayu a ciki. Malaman hisabi sun gaji lissafin manzilolin wata guda 28 daga littattafan Larabci, suka ɗora shi a kan shekarar ƙasar Hausa. Kowane tauraro yana da kwana 13, ban da Jabha mai 14, jimla 365. An raba su bakwai-bakwai ga bazara da damina da kaka da ɗari. Na damina su manoma suka fi riƙewa a ka: Haƙa'a, Han'a, Zira'a, Nasra, Ɗarfa, Jabha, Harsan. Dattijo zai ce an shiga Nasra, na kusa da shi ya san me ake nufi game da noman farko da maimai, da ko shukar da aka makara da ita za ta kai.

Wanda ya nemi waɗannan taurari da idonsa zai sha mamaki, don da yawansu ba masu haske ba ne. Dabaran ja ne mai ƙarfi, yana bin Surayya, wato Kaza, a baya. Ƙalbu ma ja ne, Simaku fari tas, waɗannan ko a tsakiyar Birnin Kebbi ana ganin su. Amma Haƙa'a wasu 'yan ƙananan taurari uku ne a manne da juna. Nasra kuwa ba ta ma kai a kira ta tauraro ba a ido: wani ɗan dusu-dusu ne, sai ka ɗan kau da ido gefe kafin ya fito sosai, kuma sai da aka ƙera madubin hangen nesa aka gane tarin taurari ne. Bulda ta fi su ban mamaki, domin ita fili ce kawai, wani yanki na sama da babu tauraro mai haske a cikinsa. Kafin mutum ya lura da wurin da babu kome, sai ko'ina a kewaye ya cika maƙil. Wanda ya tsara wannan lissafi, da wanda ya karantar da shi a zauren Gwandu ko Jega, yana da tabbacin almajirinsa zai fita tsakar gida ya ga abin da aka faɗa masa.

Ilimin yana da daɗaɗɗen tushe a ƙasar Hausa. Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi suna a Masar da rubuce-rubucensa kan lissafi da taurari. Shugabannin jihadi sun ja layi tsakanin abu biyu: sanin taurari don lokaci da alƙibla da tafiya, wanda shari'a ta yarda da shi, da duba don faɗin gaibu, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta littafi guda yana gargaɗi a kansa. An kuma zuba sunayen manzilolin cikin waƙoƙin ajami don sauƙin hadda, har Baturen nan Mervyn Hiskett ya yi nazari a kansu a 1967.

Babu wanda aikinsa ya rataya a kan duhu kamar ladan. Duk ɗalibin fiƙihu ya karanta cewa alfijir biyu ne. Na farko, na ƙarya, haske ne siriri da ke miƙewa tsaye daga gabas zuwa tsakiyar sama, ba ya halatta sallar asuba, ba ya hana mai azumi cin sahur. Na biyu, na gaskiya, shi ne mai bazuwa a kwance a gindin sama. Masana sararin samaniya sun bayyana na farkon da cewa hasken rana ne ke dukan ƙurar da ke yawo tsakanin duniyoyi, kuma an fi ganin sa a ƙasashe masu zafi irin namu, inda yake tashi kusan a miƙe. Ladanin ƙauye na wancan zamani yana ganin sa da idonsa, ya bar shi ya wuce, ya jira na biyu. Haske ne mai rauni ƙwarai. Fitila ɗaya mai ƙarfi a ƙofar masallaci ta isa ta shafe shi. Yau ɗalibai da yawa a birane suna haddace bambancin alfijir biyu, su ci jarrabawa a kai, ba su taɓa ganin ko ɗaya yana ketowa ba.

Wata kuma shi ke tsara hira da wasa. Daren farin wata na dandali ne: 'yan mata su yi gaɗa, samari su yi langa da kokawa, bayan kaka a buga dambe. Idan wata ya shiga duhu sai a koma ɗaki wajen kaka mai tatsuniya. Fitilar ɗakin ba ta wuce ɗan kasko ba, a zuba man gyaɗa ko man kaɗe, a murza abawa a yi lagwani, a ɗora a kan gefen kaskon. Harshenta bai fi ɗan yatsa ba, yana rawa, yana hayaƙi, uwar ɗaki tana tura lagwanin da tsinke in ya ci. Mai yana da tsada, don haka da an gama shimfiɗa sai a hure. A makarantar allo, almajirai su tara kara da yayi tun da rana, su hura wuta a tsakiya, su kewaye ta da alluna. Duk wutar da gari ya kunna ba ta kai tsayin katanga ba, balle ta taɓa sama.

Kada a ɗauka daren nan duk daɗi ne. A cikinsa kububuwa ke sarar mai zuwa bayan gida, kunama ta harbi yaro a kan tabarma, ɓarawo ya kwance akuya, ungozoma ta karɓi haihuwa tana lalube. Wanda ya rayu a haka ba ya bukatar a yi masa wa'azin amfanin fitila, kuma duk mai son taurari da ya manta da wannan bai yi wa mutanen karkara adalci ba.

Canji ya zo a hankali. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, kantunan kamfanoni suka fara kawo kananzir a garwa, da fitilar ƙwai, daga baya tocila mai batir. Maƙera suka riƙa yanka gwangwanin madara suna yin aci-balbal, wadda ta zama fitilar mai ƙosai da mai goro a bakin hanya. An kammala madatsar Kainji a 1968, aka kafa hukumar wutar lantarki ta NEPA a 1972, aka ja babban layi zuwa Birnin Kebbi, daga can a 1976 aka miƙa wani zuwa Yamai. Wayoyin sun ratsa ta kan ƙauyuka da dama da ba su ɗanɗani wutar ba sai bayan shekaru. Aka ƙirƙiri Jihar Kebbi a 1991, aka buɗe jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero a 2006, garuruwa suka faɗaɗa, janareta ya shigo shaguna da gidajen kallon ƙwallo. Duk da haka sama ba ta yi asara mai yawa ba, saboda dalilin da kowa ya sani: wutar ba ta zama. In an kawo ta kwana biyu, a ɗauke kwana uku, mai janareta kuma yakan kashe kafin sha biyun dare don tsimin mai.

Abin da ya sauya lissafi shi ne ƙwan LED da farantin sola. Masanan Japan uku da suka ƙirƙiro shuɗin LED, wanda daga gare shi ake samun farin haske mai arha, sun karɓi kyautar Nobel a 2014. Cikin 'yan shekaru fitilun Caina masu caji suka kori aci-balbal daga teburin mai shayi, manomin albasa a fadamun Aliero ya ɗaura tocila a goshi yana ban-ruwa da dare. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, masu hali suka ƙara rungumar sola. 'Yan majalisa da ƙananan hukumomi kuma suka gano cewa babu aikin da ke saurin shiga ido kamar turakun fitilar titi. Ita wannan fitila ba ruwanta da NEPA. Da magariba ta kama kanta, ba ta mutuwa sai gari ya waye, ko akwai mutum a wurin ko babu.

A duba yadda ake kafa ta. Sau da yawa kan fitilar a ɗage yake, don farantin da ke bayansa ya fuskanci rana, sai wani kaso na hasken ya tafi gefe da sama maimakon ƙasa. Launinsa fari ne mai ratsin shuɗi, irin wanda iska ta fi warwatsawa. Idan hunturu ya zo da ƙurarsa, kowace ƙwayar ƙura ta zama abin mayar da haske, sai gari ya yi rumfar fari da ake hangowa daga nisan kilomitoci. Da farkon damina kuma shinge ya yi dandazo a gindin turken, yara su jera kwanonin ruwa suna kamawa. Wannan riba ce, amma sauran ƙwari da ke kwana suna zagaya fitila har su faɗi, da tsuntsaye masu ƙaura da dare, ba su ci ribar kome ba.

Duniya ta riga mu shiga wannan hali, har ta auna shi. Taswirar da Fabio Falchi da abokan aikinsa suka fitar a 2016 ta nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanen duniya suna kwana ƙarƙashin saman da hasken fitilu ya gurɓata, kuma fiye da kashi ɗaya bisa uku ba sa iya ganin farin zanen nan da ya raba sama biyu, wanda Larabawa ke kira Majarra. A Arewacin Amurka, kusan mutum 8 cikin 10 ba sa ganin sa. Ƙasashen da suka fi tsira su ne Cadi da Afirka ta Tsakiya da Madagaska. Wani binciken da Christopher Kyba ya jagoranta, wanda ya fito a 2023 bisa rahotanni fiye da 50,000 na masu kallo, akasarinsu daga Turai da Amurka, ya gano hasken saman dare yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 kowace shekara. A wannan gudu, yaron da aka haifa inda ake ganin taurari 250, kafin ya kai shekara 18 saura 100.

Ƙauyukan Aliero da Maiyama ba su kai nan ba, ko kusa. Gaskiyar da ta fi ɗaci ita ce ilimin ya riga duhun tafiya. Agogon hannu da rediyo da kalandar bango da ke ɗauke da lokutan salla sun sauke ladan daga kallon gabas tun kafin turken sola ya iso. Wayar hannu ta ƙarasa sauran. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina kowace shekara, kuma abu ne mai amfani. Saurayin da ke zaune a kan dakali a Jiga Maƙera yana da Nasra da Bulda a bisa kansa kamar yadda kakansa ya same su, amma idonsa yana kan allon waya, kuma ba wanda ya taɓa nuna masa su da yatsa.

Gyaran ɓangaren fitila ba shi da wuya, wasu sun gwada. Garin Flagstaff na Amurka ya kafa dokar taƙaita hasken waje tun 1958 don kare ɗakunan binciken taurari da ke kusa, har yau kuma ana ganin Majarra daga cikin garin. A Namibiya, gandun NamibRand ya sami shaidar zama wurin da aka keɓe don duhun sama a 2012, na farko a Afirka, baƙi suna biyan kuɗi su je su kwana su kalla. Dabarun ba su wuce a sa wa fitila hula ta fuskanci ƙasa ba, a zaɓi ƙwai mai launin rawaya-rawaya, a rage ƙarfinsa bayan dare ya raba, a kafa shi inda ake bukata kamar asibiti da kasuwa da mararraba da bakin rijiya. Da yawa daga fitilun sola na yanzu ma suna da na'urar da ke rage haske sai in wani ya gitta, sai dai a ƙi saita ta. Ko ta fuskar tsaro, wanda shi ne babbar damuwar Arewa maso Yamma a yau, fitilar da ke dukan ido tana makantar da ɗan sintiri, ta bar inuwa mai kauri a bayan katanga. Wadda ta kalli ƙasa ta fi nuna masa mai tahowa.

Mai son ganin saman da madugai suka gani ba ya bukatar zuwa Namibiya. Ya bar kwalta da 'yan kilomitoci, ya sa hasken Jega a bayansa, ya zaɓi kwanakin ƙarshen wata ko farkonsa. Daren da ruwa ya ɗauke a Yuli ko Agusta, bayan ya wanke ƙura, shi ne Majarra ke fitowa da kaurinta ta kudu, kusa da Ƙalbu. Oktoba da farkon Nuwamba, tsakanin ɗaukewar ruwa da saukar hazo, su ma suna da kyau, kuma a lokacin ne alfijirin ƙarya ke fitowa sarai kafin asuba. Wajen 13 da 14 ga Disamba akan yi ruwan taurari masu gudu, in ƙura ta yi sauƙi. Ido yana bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kallo ɗaya ga waya kuma ya mayar da shi farko. A halin da ake ciki, hankali shi ne a sauka wurin mai gari, a gaishe shi, a faɗi abin da ya kawo mutum, a tafi da ɗan gari, a tsaya a masussukar da ke bayan gidaje maimakon kutsawa daji.

In an yi sa'a, ɗan rakiyar ya zama dattijo. Waɗanda za su iya jero taurarin damina bakwai, su kuma ɗaga sanda su nuna kowanne a inda yake, suna raguwa kowace shekara, kuma yawancin abin da suka sani game da yadda lissafin ya dace da gero da dawa da albasar wannan ƙasa ba a rubuce yake ba. Jami'ar Aliero tana da ɗaliban kimiyya, makarantun allo na Jega da Gwandu suna da masu karanta ajami. Aikin bai fi a haɗa su da waɗannan tsofaffi a fili guda cikin daren duhun wata ba, da na'urar ɗaukar murya da taswirar sama, a bi manzilolin ɗaya bayan ɗaya har 28, a rubuta sunan da ake kiran kowanne a nan da aikin gonar da ke tafiya da shi.